Gashin Bakin Mario Ba Shirme Ba Ne

A makon jiya, a wata walimar suna da aka yi a Shari'a Mansur a nan Makka, mun idar da sallar isha'i muna zaune ana jiran a shigo da farantan shinkafa, sai wani ƙaramin yaro ya gitta sanye da riga mai hoton Mario, tauraron wasan bidiyo, ɗan guntun mutumin nan mai jar hula da gashin baki. Ɗan ƙanwata, mai shekara 13, ya juyo da zumuɗi ya ce da ni ai sunan nan na wani mai gidan haya ne a Amurka, wanda Nintendo, kamfanin Jafan da ya ƙirƙiri Mario, ya kama sito a hannunsa. Ya ƙara da cewa kamfanin kansa ya girmi kowa a ɗakin, domin tun 1889 aka kafa shi.

Kawuna, wanda ya haura 70, yana gefe yana ji. Ya dubi yaron ya ce, "Kai ja'iri, ka san sunan mai gidan hayar Turawa. To faɗa mini sunan kakan ubanka." Yaron ya ce, "Ban sani ba, Alhaji." Aka bushe da dariya. Wasa ne irin na kaka da jika, amma wasan yana da haƙora, kuma na lura yaron bai sake buɗe baki ba har aka watse.

Abin ya tsaya mini a rai. Ra'ayina shi ne an yi wa yaron nan rashin adalci, kuma irinsa muke yi wa yaranmu da yawa a Makka da Jidda da Madina. Waɗannan ƙananan labarai da suke tsinta a kan kamfanonin wasan bidiyo da taurarinsu, mafi yawansu tarihin sana'a ne, wato labarin yadda masu aikin hannu suka rasa kayan aiki suka ƙirƙiri dabara. Abin da ya kamata babba ya yi idan yaro ya kawo masa irin wannan labari shi ne ya tambaye shi dalili, ya kuma tambaye shi wa ya faɗa. Rufe masa baki ba zai sa ya haddace sunan kakansa ba.

Me ya sa aka yi masa hula?

A farkon shekarun 1980 reshen Nintendo na Amurka yana cikin tsaka mai wuya. Ya yi odar akwatunan (wato injinan bugawa) wani wasan bidiyo mai suna Radar Scope guda 3,000 daga Jafan, kusan 2,000 suka yi kwantai a sito. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayo kayan alhazai ya wayi gari hajji ta wuce kayan suna nan ya san wannan ciwo. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya ɗora wa wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, aikin ƙirƙiro sabon wasa da za a zuba a cikin akwatunan nan don kada a yi asararsu. Miyamoto ya so ya yi amfani da Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan na zanen yara, amma lasisin bai samu ba. Dole ta sa ya zana nasa mutanen: goggon biri, da budurwa, da wani kafinta. Wasan ya fito a 1981 da sunan Donkey Kong, kafintan kuma shi ne daga baya aka raɗa wa Mario, sunan Mario Segale, mai siton da kamfanin yake haya a jihar Washington.

Kamanninsa ma dole ce ta haife su. Filin da Miyamoto yake da shi na zana mutum bai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba, launukan kuma ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A wannan ɗan wuri gashin kai ba zai zanu ba, balle a nuna yana motsi idan mutumin ya yi tsalle, sai ya kifa masa hula. Baki ba zai fito ba, sai ya yi masa gashin baki, wanda ya raba hanci da haɓa. Hannu zai saje da jiki idan launinsu ɗaya, sai ya sa masa kayan leburori masu igiya a kafaɗa don a ga hannun yana lilo. Fuskar da yau take jikin jakar makaranta daga unguwar Hindawiyya har Tokyo, wadda firaministan Jafan na lokacin, Shinzo Abe, ya fito da shigarta a bikin rufe gasar Olamfik ta Rio a 2016, ba komai ba ce illa jerin matsaloli da aka warware ɗaya bayan ɗaya.

Haka a wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, domin dukan wasan kilobait 40 ne. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka a harabar Harami ya ninka shi nauyi sau da yawa. Tela da ya san yadda ake fitar da riga da hula daga yadin da bai kai ba zai gane wannan hikima nan take.

Yaron da ya san cewa gajimare da ciyawa zane ɗaya ne yana bakin ƙofar sanin mene ne ma'adanar kwamfuta, da dalilin da ya sa take cika, da yadda ake tattalinta. Taki ɗaya ya rage masa, kuma mu manya ne ya kamata mu tura shi, sai muka ja shi baya da dariya.

Mai gyaran inji

A cikin dukan labaran Nintendo, wanda na fi so a riƙa ba yaranmu shi ne na Gunpei Yokoi. An ɗauke shi aiki ne a tsakiyar shekarun 1960 don ya riƙa kula da injinan buga karta, domin a lokacin karta ce sana'ar kamfanin. Ba babban muƙami ba ne. A lokacin da ba shi da abin yi ya harhaɗa wani hannu mai miƙewa yana cafko abu daga nesa, don nishaɗin kansa kawai. Yamauchi ya zo zagaye ya gani, maimakon ya yi masa faɗa sai ya ce a mayar da shi haja. Aka kira shi Ultra Hand, aka sayar da sama da miliyan ɗaya, kuma daga nan kamfanin karta ya fara zama kamfanin kayan wasa.

Bayan shekaru Yokoi yana cikin jirgin ƙasa ya ga wani mutum da zaman ya gundure shi yana ta latsa na'urar lissafi ba tare da yana lissafa komai ba. Daga nan aka sami Game & Watch a 1980, sannan Game Boy a 1989, dukansu ƙananan na'urorin wasa ne da ake riƙewa a hannu. Maɓallin nan mai kai huɗu da babban yatsa yake dannawa, wanda har yau yake jikin kusan kowace na'urar wasa, a hannun ƙungiyarsa ya shahara tun 1982.

Aƙidarsa a sana'a ita ce kada ka bi sabuwar fasaha mai tsada; ka ɗauki wadda ta tsufa ta yi araha, kowa ya san halinta, ka nemo mata sabon aiki. Shi ya sa allon Game Boy bai da launi, alhali abokan hamayyarsa sun fito da masu launi. Nasu suna shanye batir cikin sa'o'i kaɗan, nasa yana kwana yana wuni, kuma shi ya ci kasuwa. Akwai ma guda ɗaya da ta ƙone a wani barikin soja lokacin Yaƙin Tekun Fasha, robarta ta narke ta yi baƙi, amma ta ci gaba da aiki, har aka ajiye ta shekaru ana kallo a shagon kamfanin na New York.

Ina tambayar duk wanda ya kira wannan shirme: wane darasi ne ya fi wannan dacewa da al'ummar da yawancin 'ya'yanta suke gyaran waya, da ɗinki, da walda, da gyaran na'urar sanyaya ɗaki?

"Ɓata lokaci ne"

Wannan ita ce hujjar farko da ake kawowa, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Na san gidajen da yaro yake raba dare yana wasa, asuba ta wuce shi, malamin tahfiz ya gaji da aike. Amma a bambanta abu biyu. Buga wasa sa'a shida daban, sanin yadda aka ƙera wasan daban. A iya abin da na gani, yaron da ya fara tambayar wa ya zana wannan, me ya sa aka yi shi haka, ya riga ya ɗaga kansa daga allo. Wanda ya nutse ba ya tambaya, dannawa kawai yake yi.

Sannan mu yi wa kanmu adalci. A majalisarmu ta manya akwai waɗanda za su lissafa maka ƙwallayen Majid Abdullah, su faɗa maka shekarar da Usama Hausawi ya bar wannan ƙungiya ya koma waccan, su yi sa'a biyu ana musu a kan ƙungiyoyin ƙwallo na Ittihad da Ahli. Ba wanda ya taɓa tsayar da su ya ce su kawo sunan kakan ubansu. Laifi tudu ne.

Mu da kanmu muna jin daɗi idan aka ce sireh da mutanen Hijaz suke layi a kansa tsiren kakanninmu ne, sunan ma namu ne harshe ya lanƙwasa. Me ya sa wannan yake yi mana daɗi? Domin sanin asalin abu yana nuna hannun da ya yi shi. Irin wannan daɗin ne yaron ya ji da ya gano cewa a bayan Mario akwai sito da mai sito.

Batun addini

Nan ne maganar take da nauyi, kuma ba wurin gaggawa ba ne.

Gaskiya ne cewa Nintendo da karta ya fara. Fusajiro Yamauchi ya kafa shi a Kyoto yana yin wata karta mai zanen furanni da ake kira hanafuda, ganye 48, kowane wata na shekara da huɗu, kuma 'yan caca suna cikin manyan masu sayenta. Ba abin ɓoyewa ba ne. Gaskiya ne kuma cewa a 2001 kwamitin fatawa na wannan ƙasa ya haramta Pokémon, wasan yara na bidiyo da na kati da Nintendo yake da hannu a cikinsa, aka kwashe katunansa daga shaguna. Dalilan da malamai suka bayar sanannu ne: yadda yara suke cinye katunan juna ya yi kama da caca, ga batun halittu masu rikiɗa da aka danganta da ra'ayin Darwin, ga wasu alamomi da ke jikin katunan. Ni ban isa in yi jayayya da fatawa ba, kuma ina tuna yadda yaran unguwa suke dambe a kan kati ɗaya a lokacin, har da masu ɗaukar kuɗin cefane.

Amma a gefen fatawar akwai abin da ya yaɗu a bakin mutane wanda ba shi da tushe. An yi ta cewa kalmar Pokémon tana nufin "ni Bayahude ne" da harshen Jafan. Na ji wannan daga bakin dattawa masu mutunci, na kuma maimaita shi da kaina ina saurayi. Ƙanzon kurege ne. Sunan gutsure ne na kalmomi biyu na Ingilishi masu nufin dodannin aljihu. Pikachu kuma, sunan fitaccen dodon wasan, haɗin sauti biyu ne na Jafananci, ɗaya na walƙiya, ɗaya na kukan ɓera. Wanda ya ƙirƙiro wasan, Satoshi Tajiri, yaro ne da ya tashi yana kamun ƙwari a bayan garinsu kusa da Tokyo, da ya ga gine-gine sun cinye dajin sai ya so yaran birni su ɗanɗani irin wannan farauta. A 1996 wasan ya fito.

Da a lokacin akwai yaro ɗaya a majalisa da ya san wannan "shirmen", kuma aka bar shi ya yi magana, da dattawanmu ba su ɗauki ƙarya sun yaɗa da sunan kishin addini ba. Hujjar caca ta isa ta tsaya da ƙafarta, ba ta bukatar a jingina mata ƙarya. Yaron da daga baya ya gano cewa an yi masa ƙarya a ɓangare ɗaya yakan fara shakkar ɗaya ɓangaren ma, kuma wannan ita ce asarar da ta fi girma.

Akwai kuma inda sanin ƙananan bayanan yake taimakon uban da ke son tsare gidansa. A bugun farko na wasan Zelda da ya fito a 1998, mai suna Ocarina of Time, an saka wani sauti na zikirin Musulmi a cikin kiɗan wani ɗakin bauta na wuta, an kuma yi wa wata ƙabilar ɓarayin hamada tambari mai kama da jinjirin wata da tauraro. Kamfanin ya cire sautin a bugun da suka biyo baya, ya kuma sauya tambarin. Wa zai sanar da kai wannan in ba mai bin diddigin irin waɗannan labarai ba? Haka wasan da aka sayar wa duniya a 1988 da sunan Super Mario Bros. 2, asalinsa wani wasa ne na Jafan mai suna Doki Doki Panic, taurarinsa kuma iyali ne masu shigar Larabawa, uba da uwa da yara biyu. Aka cire su aka ɗora Mario da mutanensa, aka bar dardumar da ke tashi sama da tuluna da hamada. Yaron da ya san wannan ya fara gane yadda ake zana mutanen yankin da yake zaune a idon wasu, da yadda ake goge su idan kasuwa ta bukata. Wannan tattaunawa ce da ya kamata uba ya yi marmarin yi da ɗansa.

Talla ce, kuma rabinta ƙarya

Wannan hujja ta fi sauran ƙarfi, kuma wani abokina malamin makaranta a Jidda ne ya kawo mini ita. Ya ce duk waɗannan labarai masu daɗi kamfani ne yake amfana da su, domin suna sa yaro ya ƙaunaci haja kamar ɗan'uwansa, gobe ya tasa ubansa a gaba sai an saya masa na'urar riyal dubu da ɗoriya. Ya ce kuma bidiyoyin "ko ka san cewa" da suke cika wayoyin yara ba sa tantance komai.

Na yarda da shi a duka biyun. Ana yawan cewa Donkey Kong kuskuren rubutu ne, wai biri aka so a rubuta aka rubuta jaki. Miyamoto ya bayyana cewa da gangan ya zaɓi jaki don ya nuna taurin kai da wauta. Ana kuma faɗa da gadara cewa ma'anar Nintendo ita ce "bar wa sama sa'arka", alhali babu wata takarda daga wanda ya kafa kamfanin da ta tabbatar da haka. Fassara ce da aka yi wa haruffan daga baya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma yaro mai haddar irin waɗannan ba tare da tacewa ba zai zama aku ne kawai.

Sai dai maganin wannan yana hannunmu fiye da kowa. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan tambayar "wa ya faɗa, daga wa ya ji?" A garin nan aka yi ƙarnoni ana tace ruwaya. Me zai hana a koya wa yaro wannan ɗabi'a a kan abin da yake so, inda kuskure ba zunubi ba ne? Idan ya saba tambayar madogara a kan sunan goggon biri, zai tambaye ta ranar da aka turo masa saƙon murya a WhatsApp ana cewa wani magani yana warkar da kowace cuta.

Game da talla kuwa, a ba shi labarin duka, har da wanda kamfanin ba ya so. A faɗa masa cewa kafin wasanni Nintendo ya gwada harkar tasi da shinkafar da ake dafawa nan take, duka bai ɗore a kansu ba. A faɗa masa cewa Virtual Boy, injin wasansa na 1995, ya faɗi warwas, bai kai ko miliyan ɗaya ba, kuma Yokoi ɗin nan da na yaba shi ne ya jagorance shi. A faɗa masa cewa Nintendo ya juya wa Sony baya a bainar jama'a a 1991 bayan sun yi yarjejeniyar ƙera na'ura tare, Sony ya fusata ya fito da PlayStation a 1994, wato da hannunsa ya haifi babban kishiyarsa. A faɗa masa cewa injin wasansa Wii U bai kai miliyan 14 a kasuwa ba, bayan wanda ya gabace shi, Wii, ya haura miliyan 100. Yaron da ya san waɗannan ba zai ɗauki kamfani a matsayin gwani marar kuskure ba. Zai gan shi yadda yake, 'yan kasuwa masu ci da faɗuwa, masu lauyoyi. Ko Kirby, ƙwallon nan mai ruwan hoda da ƙananan yara suke so, yana da alaƙa da kotu: John Kirby shi ne lauyan da ya kare Nintendo lokacin da kamfanin fina-finai na Universal ya kai shi ƙara a 1982 a kan cewa Donkey Kong satar King Kong ne, Nintendo kuma ya yi nasara.

Kada kuma a ɗauka yara kaɗai rashin sanin ƙananan bayanai yake cuta. A Yulin 2016, da wasan waya na Pokémon Go ya karaɗe duniya, masu zuba jari suka yi rububin hannun jarin Nintendo har farashinsa ya ninka cikin kwanaki. Sai kamfanin ya fito ya tunatar da su cewa ba shi ya yi wasan ba, wani kamfanin Amurka ne mai suna Niantic, shi kaso kawai yake da shi a kamfanin da ke riƙe da sunan Pokémon. A rana ɗaya farashin ya zube da kusan kashi 18 cikin 100. Manya masu kwat da digiri sun yi asarar da duk wani yaro mai bin labaran nan zai iya tsare su daga ita.

Ƙasar da muke zaune ta riga ta shiga

Ko mun so ko mun ƙi, maganar ta wuce ɗakin yara. A Mayun 2022 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya sayi kashi 5 cikin 100 na Nintendo, zuwa Fabrairun 2023 ya haura kashi 8, kafin daga baya ya rage. Kamfanin Savvy, mallakar asusun, ya sayi Scopely na Amurka a kan dala biliyan 4.9 a 2023, shi kuma Scopely a 2025 ya sayi sashen wasanni na Niantic a kan dala biliyan 3.5. Ma'ana, Pokémon Go yau yana ƙarƙashin kuɗin ƙasar da ta kwashe katunan Pokémon daga shaguna shekara 24 kafin nan. Ban kawo wannan don izgili ga kowa ba. Na kawo shi ne don a ga cewa zamani ya juya, mu kuma muna nan muna dariya a walima. Tsarin ƙasa na wasanni da aka sanar a 2022 ya yi maganar guraben aiki 39,000 kafin 2030, gasar duniya ta wasannin kwamfuta da aka fara a Riyad a 2024 kuwa kyaututtukanta sun haura dala miliyan 60.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa: waɗannan guraben ba na 'ya'yanmu ba ne. Wasunmu suna da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, da yawa kuma iƙama ce, wato takardar izinin zama, wasu ma ita ɗin sai a hankali, kuma yaron da jami'a take yi masa wuyar shiga ba zai zauna a ofishin Riyad yana zana taurari ba. Wannan ciwo ne na gaske, ba zan rufe shi da zaƙin baki ba, kuma ba na cewa kowane yaron unguwar Misfala zai zama Miyamoto.

Amma zane da rubuta manhaja da fassara suna cikin sana'o'in da mai saye yake duba aikin kafin ya duba takarda, kuma ana iya koyon farkonsu da tsohuwar kwamfuta. Waɗanda suka tashi a nan a shekarun 1980 suna tuna Sakhr, kwamfutar da kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait ya ɗauko daga ƙirar Jafan ya sanya mata Larabci. Yara da yawa sun saye ta don wasa, wasu daga cikinsu suka ƙare da rubuta manhaja. Sannan yaranmu suna da abin da ɗan Riyad da ɗan Kyoto ba su da shi: suna jin Larabci kamar ruwa, suna jin Hausa a gida, ga miliyoyin masu waya daga Kano zuwa Damagaram da ba a yi musu wasanni da harshensu yadda ya kamata ba. Miyamoto ya ɗauko Zelda daga kogunan dutse da dazuzzukan da ya yi yawo a cikinsu yana yaro a garinsu Sonobe. Wani dodon ƙarfe mai haushi da ke ɗaure da sarƙa a wasannin Mario kuwa karen maƙwabta ne da ya taɓa kai masa cafka sarƙa ta tsayar da shi. Abin da ke bakin ƙofarsa ya ɗauka. Mu da muke da Gizo da Ƙoƙi, da labarin kakannin da suka taka ƙasa daga Katsina suka ratsa Cadi da Sudan suka tsallaka teku daga Suwakin, wasu sai bayan shekaru suka iso, ba mu rasa abin ɗauka ba.

A nan tambayar Kawu ta dawo, kuma tambaya ce mai kyau, lokacin yinta ne da manufarta suka ɓaci. Yaron bai san sunan kakan ubansa ba domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ba shi labarin mutumin yadda zai ji daɗinsa: a ina ya tsaya ya yi noma don ya sami guzuri, me ya sayar, wa ya rasa a hanya. Mutanen Kyoto sun adana labarin mai gyaran injinsu har da abin wasan da ya ƙera a lokacin hutu, a 2024 ma suka buɗe gidan tarihi a tsohuwar masana'antarsu ta Uji. Mu namu labarin yana cikin kan dattawa, kuma sai an zo gori ake fito da shi.

Shekaranjiya na ɗauki yaron muka je gaishe da Kawu a gida. Kafin idonsa ya yi rauni aikin hula yake yi, shekara da shekaru yana sayar wa alhazai. Na ce da yaron ya zana masa Mario a takardar lissafi mai gida-gida, ya bayyana masa dalilin hular da gashin bakin. Kawu ya kawo takardar kusa da fuskarsa, ya bi gidajen da yatsa yana ƙirgawa. Ya ce, "Sha shida kacal? Ai dole ya rufe kan. Ni ma idan bakin hula ya ƙure mini, fure nake mayarwa ganye." Ya cire tasa hular ya nuna masa wurin da ya taɓa yin haka. Daga nan ya ce sunan kakan yana nan a bakinsa, amma ba zai faɗa ba sai yaron ya dawo ranar Juma'a bayan la'asar da biro da littafi, domin labarin yana da tsawo kuma daga Gadarif ta Sudan zai fara.